Sirdin Sarkin Dargaza

A shekarar ƙarshe ta mulkin Sarki Abdulrahman na Birnin Dargaza, damina ta sauka da wuri. Gero bai kai gwiwa ba kogin Kaduna ya fara cin gaɓarsa. Kada mai karatu ya wahalar da kansa neman Dargaza a taswira. Masu ba da labarin sun ce tana arewa da kogi, wajen da Rigachikun take yanzu, kuma ganuwarta ta daɗe da komawa gona. A wancan zamani kogin nan shi ne iyaka. A wannan gaɓa maganar Sarkin Dargaza ke ci, a waccan kuwa ko kare ba ya jin ta.

Cikin wannan damina ne ayarin Madugu Datti ya sauka a zangon ƙofar kudu. Fatake ne mazauna ƙasar Nupe, sun ɗauko kanwa daga arewa za su gida, da jakunansu da matansu da 'ya'yan goye. Datti a kan wannan hanya ya tsufa. Tun gemunsa na baƙi Sarki Abdulrahman ya dafa kafaɗarsa gaban fadawa ya ce, "Muddin ina sarki, kai da duk wanda ke bayanka amanata ne, daga ganuwa har ruwa." Da wannan magana kaɗai ya yi ta wucewa shekara da shekaru, ko akuya ba a taɓa ɗauke masa ba.

Suna zango sarki ya kwanta, bai tashi ba. Aka yi masa sutura, aka binne shi kafin la'asar.

Ƙasar kabari ba ta bushe ba birni ya rabu biyu. Yarima Husaini, ɗan sarki, ya fita da mutanensa ya kafa sansani gabas da hanyar kogi. Ciroma Ɗayyabu, ɗan ƙanen sarki, ya kafa nasa a yamma. Kowannensu ya aiko wa Datti manzo da mashi, ya ce ya karɓa ya kafa gaban ayari, shi ne sabuwar amana. Datti ya shimfiɗa wa manzannin tabarma, ya ba su fura, bai taɓa mashin kowa ba. Ya ga inda idanunsu ke zuwa. Suna ƙirga jakuna, suna auna kafaɗun samarinsa, domin yaƙi yana son masu ɗaukar kaya. In ya karɓi na gabas, yamma ta cinye shi. In ya karɓi na yamma, gabas ta cinye shi. In ya zauna, kogi ya cika ya rufe shi a tsakiya, su raba shi kamar naman layya.

Yana zaune ya zabga tagumi, matarsa Atika, wadda ake kira uwar ayari, ta dawo daga rijiyar gari ta sauke tulu da ƙarfi.

"Madugu, tun da aka binne mutumin nan ka ji an buga tambari?"

"Ban ji ba."

"To, ka tambayi dalili? Ku maza sai ku zauna kuna shafa gemu, labari na can bakin rijiya ana raba shi kyauta."

Ga abin da ta jiyo. A al'adar Dargaza, sarki yakan mutu sau biyu. Na fari na Allah ne. Na biyu kuwa, da zarar ya cika sai a ɗaura wa dokinsa sirdi, ba a kuma kwancewa sai a bakin kogi, da hannun Magajiya, wato babbar mace ta gidan sarauta. Muddin sirdin nan na bayan doki bai taɓa ƙasa ba, mamacin ne sarki. Ba a naɗa wani, ba a zare takobi, duk maganar da ya faɗa tana nan da ranta. Malaman garin sun sha cewa wannan ba ya cikin littafi, kuma gaskiya suka faɗa. Amma na lura, abin da ke hana mutane yanka juna, ko malamai ba su cika matsa masa ba.

Datti ya ɗauki sandarsa ya nufi gidan Magajiya Hasiya, yayar marigayin. Ya same ta a zaure, tsohuwa ƙanƙanuwa, idanunta kamar na shaho. Ya durƙusa ya yi ta'aziyya.

"Ranki ya daɗe, amanar ƙanenki ce ta kawo ni."

"Na san ka, mai kanwa. Kowa da abin da ya kawo shi. Yaran nan biyu sun aiko mini har sun gaji, wai in kwance sirdi. Gaggawar mutuwa suke yi, sai ka ce za ta ƙare."

"Ranki ya daɗe, ni roƙona ki jinkirta har mu ƙetare."

"Ba ni ke jinkirtawa ba, doki ne. Akawal, dokin nasa, ya tsufa, kuma tun ranar rasuwar ko ingirici bai sa a baki ba. Sirdi ya ci bayansa har ƙuda na bi. In ya faɗi, sarauta ta faɗi, ko ina so ko ba na so." Ta ɗago ta dube shi. "Abdulrahman ya ce maka daga ganuwa har ruwa?"

"Haka ya ce."

"Ni na goya shi. Bai taɓa ƙarya yana raye ba, ba za a sa shi ya fara yana kabari ba. Gobe da hantsi ku biyo bayana. Kada ka gode mini, ba don kai na yi ba."

Da hantsi aka buɗe ƙofar kudu. Magajiya ta fito a ƙasa, babu takalmi, riƙe da ragamar baƙin doki, sirdin sarki na bisansa, likkafu na lilo babu ƙafa a ciki. Bayanta ayari ya miƙe har inda ido ya gaza. Hanyar ta bi ta wuraren da yau muke kira Kawo da Hayin Banki, ta gangara kogi, a lokacin duk kurmi ne da fadama. Mayaƙan Yarima suka jeru a hagu, na Ciroma a dama, ba mai cewa uffan. Datti ya ratsa dajin 'yan fashi, ya kwana kusa da zaki, amma bai taɓa jin tsoro irin na shirun nan ba. Sai ga shi duk inda dokin ya kawo, barade na sauka daga dawakansu suna durƙusawa, suna cewa, "Lafiya, zaki. Sannu, toron giwa." Suna gaida sirdin da ba kowa a kai, kuma kowa ya san abin da hannunsu ke jira.

Akawal na tafiya yana haki, kansa a ƙasa. In ya yi tuntuɓe sai Datti ya ji numfashin rundunonin biyu ya tsaya tare.

Rana ta take tsaka suka iso mashigi. Ruwa ya yi ja, yana tafe da itatuwa. Sarkin Ruwa ya zo ya faɗi gaban Magajiya, ya ce jirage biyu kawai ke gare shi, sauran Yarima ya kwashe. Datti ya dubi ruwa, ya dubi doki, ya ce a sauke kanwa a bar ta nan, a kora jakuna su yi iyo, jirgi na mutane ne. Fatake suka yi gunaguni, domin dukiyar shekara ke nan. Atika ta juyo kansu.

"Wanda ke son kanwarsa ya zauna ya rungume ta, gobe a ɗaure su igiya ɗaya. Ku ba mata hanya!"

Aka fara ƙetarewa. Magajiya ta ja doki kusa da wata tsamiya ta tsaya, rana na dukan furfurarta. Yarima Husaini ya matso a kan dokinsa, ya sauka, ya rusuna.

"Gwaggo, ga ki ga ruwa. Al'ada ta cika."

"Al'ada ta ce da hannuna. Ta faɗa maka da wane lokaci?"

"Gwaggo, dabbar nan na wahala."

"Yau ka fara tausayin dabba? Koma inda ka fito, Husaini, ubanka bai sallame ka ba."

Ya koma. Ciroma Ɗayyabu da ya ga haka bai ko taso ba, ya dai sa maharbansa suka matso bakin gaɓa, kibau a kan tsirkiya.

La'asar ta yi, saura mutane da yawa, sai ƙafafun Akawal na baya suka fara rawa. Ya karkata. Likkafa ta hagu ta yi ƙasa har ta kusa shafar ciyawa. Datti bai san lokacin da ya jefar da sanda ba. Ya ruga ya sa kafaɗa a haƙarƙarin dokin, ya tura shi ya jingina da gindin tsamiya. Runduna ta ɗauki guna-guni kamar hadari na tasowa.

Magajiya ta dube shi ta gefen ido. "Mai kanwa, ka san hukuncin baƙon da ya taɓa dokin sarki?"

"Na sani, ranki ya daɗe. Kisa ne."

"To?"

"Sarki ne ke yanke shi. In Sarki Abdulrahman ya kira ni, zan amsa."

An ce a nan ne kawai aka ga haƙoran tsohuwar tun rasuwar ƙanenta.

Samari uku na ayari suka sheƙo suka sa kafaɗa tare da shi. Duk jirgin da ya dawo sai Datti ya kori ɗaya, yana zagi yana cewa uwarsa na jiransa. Na ƙarshe ya ƙi, sai da Datti ya rantse zai saki dokin, sannan ya tafi yana kuka. Ya rage shi kaɗai, da itace a ɗaya gefen, da tsohuwa tallafe da kan doki a ƙirjinta tana yi masa magana a kunne. Mugunyar bayan dokin na gangarowa wuyan rigarsa. Yana jin bugun zuciyar dabbar a ƙashin kafaɗarsa, yana raguwa. Gwiwoyinsa suka mutu, ya daina jin su, ya ci gaba da tsayuwa a kansu.

Jirgin ƙarshe ya kusa cika. Atika ta ƙi shiga, ta zo ta tsaya gabansa.

"Madugu, saura wurin mutum ɗaya."

"Naki ne."

"Ka saki mu ruga. Ba nisa."

"In na saki, kafin ku kai tsakiya maharban can sun mai da ku bushiya. Ki tafi, Atika. Ayari ba ya tafiya babu mai yi masa faɗa."

"Tsoho mai taurin kai. Ka yafe mini."

"Na yafe. Ki yafe mini ke ma. Kada ki bari su sayar da jakin nan mai farin goshi, ya fi su hankali."

Ta gyara masa hular da ta zame, ta juya, ba ta waiwayo ba sai da ta zauna a jirgi.

Masu ba da labari sun haɗu a kan cewa Akawal ya cika tun jirgin bai kai rabin ruwa ba. Magajiya ta sani, domin kansa na hannunta. Datti ya sani, domin nauyin ya sauya. Rundunonin ba su sani ba. Suna kallon baƙin doki tsaye da sirdinsa, ba wanda ya motsa. Mataccen sarki bisa mataccen doki ya riƙe dubban takubba cikin kube, har jirgi ya daki gaɓar kudu, Sarkin Ruwa ya ɗaga filafilin tuƙi sama.

Sannan Magajiya Hasiya ta sa hannu ta kwance majayin da ya ɗaure sirdin, ta sauke shi da kanta ta aza a ƙasa. Ta ɗaga murya ta ce, "Allah ya jiƙan Abdulrahman." Aka buga tambari. Kafin amonsa ya mutu, gabas da yamma sun haɗu.

Ciroma Ɗayyabu ne ya ci, Yarima ya mutu a fadamar nan kafin magariba. Datti kuwa an same shi ƙarƙashin dokin, ƙugunsa a karye, da ransa. Shari'arsa ce ta farko da sabon sarki ya zauna a kanta. Wasu manyan fada suka ce a bar shi, mutumin da ya tallafi sarautar Dargaza da kafaɗarsa bai cancanci takobi ba. Sarki Ɗayyabu ya ce doka doka ce, kuma sarkin da ya fara da sassauci ba ya daɗewa. Aka ɗauko Datti a kan asabari, domin ba ya iya tsayuwa, aka zartar a ƙofar kudu. An ce Magajiya ta zo ta zauna kusa da kansa har aka gama, daga nan ba ta sake taka fada ba.

Atika ta kai ayari gida ba a rasa ko jariri ba. Duk zangon da ta sauka sai ta ba da labarin, kuma ba ta rage masa gishiri. Da rani ya zagayo Sarki Ɗayyabu ya aika da masu dawakai zuwa kasuwannin arewa da kudu, suna shelar cewa hanya lafiya, sarki ya ba da amana. Madugai suka yi godiya, suka yi addu'a, suka bi ta wani mashigin. Ba wanda ya ci Dargaza da yaƙi. Ciyawa ce ta ci hanyarta, sannan ta ci kasuwarta, sannan ta shiga fada.

Har yau in mulki ya sauya a wata ƙasa, je ka tashar Mando ka ga direbobi sun yi cirko-cirko, fasinja na tambaya ko hanyar iyaka na biyuwa. Kwalta na nan inda take jiya, gada ba ta motsa ba. Abin da suke tambaya shi ne, maganar wa ke ci yau, kuma wa zai tsaya mata in mai ita ya kau. Mai mulki yakan ɗauka mashinsa ne ke tsare hanya. Allah Shi ke ba da mulki, Shi ke karɓewa, amma a ranar da ake tsakanin bayarwa da karɓewa, talakan da ke kan hanya ba shi da kowa sai wanda ya yarda ya sa kafaɗa, ya kuma san ba za a ajiye masa wuri a jirgi ba.