Agugu na Ƙarshe

A can wani zamani, tsutsar ciki ta kama ɗiyar wata mata, yarinyar tana ta ramewa. Maganinta saiwar agugu, wani tsiro da ba ya fure, ba ya 'ya'ya. Matar ta hau dutse, ta duba nan, ta duba can, sai guda ɗaya ta samu a bakin marmaro.

Ta ɗaga fartanya ke nan, wata tsohuwa mai ɗiban ruwa ta ce, "Dakata, 'yata. Juya ganyen."

Ta juya, ta ga ɗige-ɗige a jere.

Tsohuwar ta ce, "Irinsa ke nan, bai nuna ba. In kin tumɓuke yau, ya ƙare."

"Iya, ɗiyata fa?"

"Na sani, 'yata."

Matar ta koma gida tana hawaye. Kullum ta zo ta juya ganye, kullum ta koma. Ran da ɗigon ya yi ja, ta kaɗe irin, mai kamar ƙura, a kan damshin dutse, ta yanki rabin saiwar. Ɗiyar ta warke.

Bayan shekaru, wata uwa ta hau dutsen da goyo ba lafiya. Ta tarar da agugu ya cika wurin har gwiwa, ta rasa wanda za ta gode wa.