Lallen Faridatu

Hantsi bai gama dubawa ba aka kira Sufeto Eyram: an tsinci gawar wata mata a kwalbatin hanyar Kasalgu, babur ɗinta kwance a gefenta.

Eyram 'yar kudu ce, Kirista, amma ta daɗe a Tamale har Hausar kasuwa ta zauna mata a baki. Tana isa ta duba babur ɗin. Ko ƙwarzane babu, makullin kuma a kashe yake. Wane irin hatsari ne mai shi zai tsaya ya kashe inji kafin ya faɗi?

A ɗakin ajiye gawa ta zare takalman matar. Cikinsu caɓa-caɓa da ɗanyen lalle, ga guntun filastar da ake fitar da zane da ita manne a dunduniya. Likita ya ce ba zai samu damar bincike ba sai gobe.

Kafin azahar dangi sun cika harabar ofis. Limamin unguwa, Afa Abdulgafaru, ya matso.

"Madam, mu ba ma kwana da gawa. Ki ba mu 'yarmu mu rufe ta kafin la'asar."

Shugabanta na ofis ma ya kira ta gefe. "In ba ki da hujja, ki sake musu. Ba na son a ce 'yan sanda sun hana Musulmi jana'iza."

Eyram ta san in ƙasa ta rufe matar nan, magana ta ƙare ke nan.

Ta sa aka shigo da mijin, Tahidu, direban keken ɗaukar kaya a kasuwar Aboabo. Ya zauna, hannayensa duka biyu cikin babbar rigarsa ta saƙi.

"Yaushe Faridatu ta fita?"

"Bayan asuba. Ta ce za ta kasuwa."

"Da lalle a ƙafa?"

"Tun jiya ta wanke."

"Kun yi faɗa?"

"Ni da ita? Ko kusa, Madam. Tambayi kowa."

Ta kuwa tambaya. Mahaifiyar marigayiyar, Mma Ayisha, tana zaune a benci, tafukanta jajir.

"Mma, wa ya sa mata lalle?"

"Ni, jiya da yamma, a gidanta. Bikin ƙanwarta ake yi jibi. Na ɗaure mata ƙafa da leda na ce kada ta kwance sai hantsi." Ta dubi Eyram. "'Yata, wace mace ce za ta zura ɗanyen lalle a takalmi ta hau babur?"

"Yana dukanta?"

Tsohuwar ta ce, "Sau biyu tana dawowa gida, sau biyu ina cewa ta yi haƙuri. Wannan karon ta ce daga biki ba za ta koma ba. Ni na ce ta kwana ta gaya masa da bakinta."

Zargi dai ya samu, amma zargi ba ya hana jana'iza. Rana ta karkata, hayaniya na ƙaruwa a waje, har wani ya fara buga ƙofar ƙarfe. Eyram ta leƙa ta taga, tsoro ya kama ta sosai. Can ta hango Tahidu cikin jama'a. Kowa na miƙa masa hannun ta'aziyya, shi kuwa sai dai ya sunkuyar da kai. Tun safe mutumin nan bai fito da hannunsa ba.

Ta fita ta rusuna gaban liman.

"Afa, kafin mu yi maganar gawa, a yi mata addu'a mana."

Wa zai ƙi wannan? Afa ya ɗaga hannu, jama'a suka ɗaga. Tahidu ya waiga dama, ya waiga hagu. Mijin mamaciya ne, a sahun gaba, duk ido a kansa. A hankali ya zaro hannayen ya buɗe.

Yatsunsa da tafukansa jajir suke, har ƙarƙashin farce, duk sun yi saɓa saboda dirza. Afa ne ya fara gani.

Da aka shafa, Eyram ta ce, "Tahidu, kai ma bikin za ka?"

Aka shiga da shi ciki. A ofis bai wahalar da kowa ba. Ya ce da ta gaya masa za ta tafi, ya shaƙe ta, ƙafafunta a ɗaure, ko gudu ba ta iya yi ba. Ya yage ledar, ya kwashe lallen da hannu, ya sa mata takalmi, ya loda ta da babur a kekensa.

"Na wanke da omo, na wanke da kananzir," in ji shi. "Ya ƙi fita."

Afa da kansa ya ce a bar gawar sai likita ya gama.

Ranar da babbar kotu ta yanke masa ɗaurin rai da rai, hannayensa sun daɗe da washewa, sai hotonsu da Eyram ta ɗauka a ranar ne ya yi magana. Aka sa masa ankwa aka wuce da shi ta gaban Mma Ayisha. Ba ta dube shi ba. Farcenta take kallo, inda ɗan jan da ya rage ya kai baki.

"Madam," ta ce wa Eyram, "na kasa yanke shi. Lallen kwano ɗaya muka sa ni da ita."