Ka Dawo Min Da Ranata

"Sauko! Kai mai jar hula, da kai nake! Sauko nan!"

Wurin ginin ya yi tsit. Masu kwaɓa siminti suka tsaya da shebur a hannu. Inna ce tsaye a gindin sabon bango, takalmi wari da wari, mayafi a karkace, tana huci.

Magini ya leƙo daga saman katako. Yana ganinta cokalin gini ya kusa suɓuce masa. Ba wani ba ne, saurayin Auta ne, 'yar Inna ta ƙarshe, wanda har manya sun shiga maganar aurensu.

"Inna... ina kwana?"

"Da ban kwana ba za ka gan ni? Wa ya ce ka toshe min taga?"

"Don Allah Inna, mu shiga gida, mutane suna ji..."

"Su ji mana! Ai ba a ɓoye ka yi ba. Bulo kan bulo, kana yi kana fito!"

Wanda bai san gidan ba zai ce rigimar tsufa ce. Taga dai, me ke cikinta? To, bari ku ji abin da ke cikinta.

Lokacin da ciwo ya kwantar da mijin Inna, ƙafafu suka daina ɗaukarsa, ɗakin nan mai kallon gabas ya zama duniyarsa. Mutumin da a da ba ya iya zama wuri ɗaya! Sai yara suka riƙa tsinko masa abin waje suna kawowa: fure, ganye, gashin tsuntsu. Shi ya ƙirƙiro dabarar. A jera furen tsakanin takardu, a danne ƙarƙashin katifa har ya bushe ƙayau. A jiƙa ƙaro, a tace shi tas, a zuba a murfin roba, a jera furen a kai da tsinke, a bar shi a inuwa ya daskare. In an ɓamɓaro shi sai ya fito kamar gilashi. A zagaye shi da siraran itace, a ɗaure da zare, a rataye a taga. Kama-rana suka sa masa suna.

Kowa a gidan yana da nasa, har jikoki. Na maigidan ne a tsakiya, jan fure zalla, na ƙarshe da ya yi kafin hannun ma ya ƙi. Kullum rana na fitowa sai jan haskensa ya sauka a bango, ya yi ta rarrafowa a hankali har ya iso inda matashinsa yake a da. Tun da ya rasu, nan Inna take zama da kofin shayinta, ta ba shi labarin gida, ta ƙarasa masa faɗan da ba ta gama ba. Jan yana wucewa, ta tashi ta kama aiki.

Da aka fara gini a filin maƙwabta ta tambaya, Auta ta ce mata katanga ce, ba za ta kai taga ba. Yau ta zauna, shayi ya huce, ja bai zo ba.

Magini ya sauko yana goge hannu a wando.

"Kai da na zaunar a ɗakin nan!" in ji Inna. "Na koya maka da hannuna, ka yi wannan mummunan naka mai kama da kashin kaza, na rataye shi cikin na 'ya'yana! Ka san bene ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a sa harsashi. Inna, ko ban yi ba wani zai yi. Na ga gara ni..."

"Gara kai! Wato in za a yanka ni, gara ɗan gida ya riƙe wuƙar!"

Auta ta fito a guje, ta kama hannunta. "Inna, ki zo mu tafi, don Allah..."

Inna ta dube ta. Akwai tsoro a fuskar, akwai kunya, amma babu mamaki ko ɗigo.

"Ke ma kin sani."

"Tsoron faɗa miki muke..."

"Muke! Har kun zama 'mu' ni na zama bare?"

Ta fizge hannunta, ta shiga gida, ta tsinko kama-ranar Magini daga tagar, ta fito ta jefa masa a ƙafa.

"Ɗauki tsiyarka. Kuma ka ji da kyau, muddin ɗakin nan yana cikin duhu, babu kai babu 'yata!"

Inna ba ta yi boko ba, amma ta san in an cuce ka akwai inda ake zuwa. Ta samu mai benen a cikin motarsa, ta ƙwanƙwasa gilashi har ya sauke.

"Iya, lafiya?"

"Da lafiya zan tare mota? Ka ɗauke min rana."

Ya yi dariya. "Iya, fili nawa ne, izinin gini ina da shi. Rana kuma ai ga ta can a sama, ta kowa ce."

"Ta kowa ce shi ya sa ka tare ta kai kaɗai?"

Ya ɗaga gilashinsa. Ta je ofishin masu kula da gine-gine, suka ba ta kujera, suka saurare ta har ta gama, sannan wani yaro mai ɗaurin wuya ya tambaye ta ko bangon ya shiga filinta. Bai shiga ba. To, sai haƙuri. Haƙuri! Kowa da haƙuri a aljihunsa yana rabawa, tunda ba ɗakinsa ne ya koma kabari ba.

Gidan ya yi ɗaci. Auta ta daina cin abincin kirki, ta koma wanke kwano ɗaya sau ba adadi. Wata yamma Inna ta jiyo Auta da Magini a ƙofar gida, murya ƙasa-ƙasa.

"Kin rame, hasken raina..."

Ta banko ƙofar. "Kada ka ƙara ambaton haske a ƙofar gidan nan, ɓarawon rana!"

Ya ja da baya, Auta ta shige tana kuka. Inna ta ji kukan har cikin ƙashinta, amma ta cije.

Wata rana da ta dawo daga kasuwa, tun daga tsakar gida ta ji wari kamar na ƙonannen sukari. Ta yar da jaka ta afka ɗaki. Auta da Magini ne a tsaye, sun yi zuru-zuru. An ja waya zuwa taga, an maƙala ƙwan lantarki, irin mai zafin nan, a bayan na marigayi. A bango ga ja nan, amma a tsaye cik, ba ya motsi.

"Me zan gani?"

"Mun so mu dawo miki da shi ne, Inna..."

Ta kashe wutar da dukan hannu. Ta ɗago kama-ranar. Zafi ya tsaga ƙaron tun daga sama har ƙasa. Furen gefe ɗaya ya ƙone, ya koma ruwan ƙasa.

Wannan karon ba ta yi ihu ba. 

"Mutumin nan," ta ce a hankali, "da yatsu biyu ya jera furen nan. Tsinken na faɗuwa, ina ɗauko masa. Ciwo bai fasa shi ba, jikoki ba su fasa shi ba. Sai kai."

"Ni na rataye shi!" Auta ta shiga tsakaninsu. "Ni na ce a matso da ƙwan kusa, ba shi ba!"

"Rufe min baki!"

"Ba zan rufe ba! Mijinki ne, amma ubana ne! Ni na tsinko masa furen nan, ƙaya ta yanke ni, ga tabon! Kin taɓa tambayata ko ni ma ina kewarsa? Kullum kina hira da bango, ni ina nan da raina ba kya kallona! Shi ya tafi, wanda nake so kin kore shi... to ni ina zan sa kaina, Inna?"

Ta durƙushe tana sheshsheƙa. Inna ta dubi siririn tabon a bayan hannun yarinyar. Wallahi ta manta da shi. Ta juya kan Magini, don fushin dole ya sauka a kan wani.

"Kai. Ba na son haƙurinka, ba na son hawayenka, ba na son ƙwanka. Hasken da ba ya tafiya gawa ce! Rana ka ɗauke min, rana za ka dawo min da ita. Ta safe, mai sanyi. Kada ka fasa min rufi ka zubo min ta tsakar rana, ta cinye launin furen a banza. Ka dawo min da ranata, ko kada in sake ganin inuwarka!"

"Na ji, Inna."

Washegari da sassafe sai ga shi a bayan gida, da gawayi a hannu. Ya gaishe ta, ta yi kamar bango ne ya yi magana. Ya tsaya yana kallon ginin gidan. Duk inda rana ta taɓa, ya ja layi. Haka gobe, haka jibi, kafin ya wuce aikinsa na zalunci. Bangon Inna ya cika da zane kamar allon yara.

"Har da ɓata min fenti?" ta ce wata safiya.

"Zan wanke, Inna. Ki zo ki gani."

Ta zo, ba don ya kira ta ba, don bangonta ne. Tsakanin sabon benen da gidan da ke gaba da shi akwai 'yar rata. Ta nan rana take kutsowa, siririya, ta sauka a kusurwar gidan, wurin da babu taga ko ƙofa. Inna ta sa tafin hannunta a wurin. Ɗumin safe ne, wanda ta sani.

"Wane ɗaki ne bayan nan?" ta tambaya, alhali ta sani.

Ya sosa ƙeya. "Na... na Auta ne. Bayan kabad ɗinta."

Ta riƙe ƙugu.

"Ɗakin da gado ɗaya ma da ƙyar ya shiga? Wato sai na fitar da 'yata daga ciki sannan in samu rana? Kai, amma kai cikakken makiri ne!"

"Wallahi Inna ba ni na ajiye ratar a nan ba!"

"Kai ka gina benen!"

"Yadda aka zana na bi..."

"Fasa."

"Na'am?"

"Kurma ne kai? Fasa bangon na ce! Da kanka, kada in ga lebura ko ɗaya. Kuma ƙurar da ta sauka a kayana, da harshenka za ka lashe ta!"

Ya fasa. Ya kafa katako, ya sa gilashi, ya share ƙasa har sau nawa tana cewa bai sharu ba. Auta tana kawo masa ruwa, Inna tana ganin yadda yatsunsu suke haɗuwa a jikin kofi, tana yin tsaki.

Safiyar da aikin ya bushe, ta kwaso kama-ranar duka a tire. Ta rataye na 'ya'ya, ta rataye na jikoki. Na marigayi ta riƙe a hannu, ta juya ta dubi tsohon ɗakin ta ƙofa: gadon, bangon da ya yi duhu daidai inda kansa yake jingina. Ba za a ɗauko wannan ba. Ta rataye shi a tsakiya, ta zauna a bakin gadon Auta da kofinta.

Rana ta kutso. Kore ya sauka, rawaya ya sauka, sannan ja. Ba irin na da ba ne. Farin layi ya ratsa tsakiyarsa inda ya tsage, gefe ɗaya kuma ya yi duhu. Amma yana tafiya. Ya gangaro daga bango a hankali, ya hau matashin Auta, ya sauka a bayan hannunta, don ta zo ta zauna kusa da uwarta ba tare da an kira ta ba. Ya tsaya a kan tabon.

Inna ta kama hannun ta matse shi sosai.

"Ka ga abin da suka yi maka ko?" ta ce wa jan. "Sun tsaga ka, sun ƙona ka, sun kore mu daga ɗakinmu. Kai kuma ko a jikinka, ka biyo su. Dama kai ka sangarta yarinyar nan."

Auta ta kifa kai a kafaɗarta tana kuka. Magini yana tsaye a bakin ƙofa, hula a hannu, bai san ko ya shiga ko ya gudu ba.

"Kai! Ina kashin kazar nan naka?"

Ya zaro shi daga aljihun gaba, a naɗe cikin tsumma mai tsabta.

"Rataye shi. Ba nan ba! Can gefe, ƙasa da na jikoki." Ta share ido da bakin mayafi. "Kuma kada ka washe min baki, ban yafe ba. Kullum na ga layin nan sai na tuna ka."

"Na yarda, Inna."

"Ka ce wa manyanka su dawo mu ƙarasa magana. Ke kuma tashi ki fara haɗa kayanki, ki ba ni ɗakina. Kin tare min rana."