Mai Auna Ruwan Allah

A bayan firamaren Yako Saude ta fara ganinsa, farkon daminar 1988, durƙushe yana leƙa wata kwalba mai zane-zane.

"Malam, me ya faɗa ciki?"

"Ruwan jiya. Aikina ne in auna in rubuta."

"Sai ka rubuta gwamnati za ta san an yi ruwa?"

Surajo malamin gona ne. Daga ranar, awonsa ya riƙa faɗowa daidai lokacin da Saude ke zuwa rijiyar makaranta.

Matsalar ita ce mahaifinta. Shekara arba'in Malam Ubale yana duban gabas ya faɗa wa gari ranar shuka. Surajo kuwa, da ƙuruciya da takardar shaida, ya tsaya a kasuwar Ƙafin Maiyaki ya ce damina ta daina riƙe lokacinta, duban gabas ya ƙare. Maganar ta riga shi komawa Yako.

"Yaron da ke tsare ruwan Allah a kwalba?" in ji Malam Ubale da manyan Surajo suka je neman aure. "Farin tamanin da huɗu jarrabawa ce, ta wuce. Gara Labaran mai babur, shi bai taɓa faɗin komai ba."

Surajo ya rubuta mata: "Saudena, ban raina Baba ba, lissafi na faɗa. In aka ba Labaran ke, zan nemi a mayar da ni Doguwa."

Ta amsa: "Malamina, lissafinka bai iya gaisuwa ba. Koya masa. Ni ba inda za ni."

A watan Agusta sama ta buɗe, kwana uku babu sassauci. Da ta tsagaita da hantsi, gari ya hau tudu. Babu fadama, babu hanya. Jan ruwa ya shimfiɗe har iyakar ido, kawunan dawa kaɗai ke leƙowa. Wani rumbu ya wuce a tsaye, a hankali, da zakara a samansa. Ba ka jin komai sai tasbihi.

Malam Ubale ya nemi tsamiyar da kakansa ya ce ruwa bai taɓa kaiwa ba. Rassanta kawai ya gani.

"Kai, yaro. Me kwalbarka ta ce?"

Surajo ya durƙusa. "Ta cika ta zube tun kwana na biyu, Baba. Ban sani ba."

"Ni ma ban gan shi a gabas ba." Dattijon ya juyo ya dube shi. "Wannan ba daminar da aka bar mana ba ce. Ka turo manyanka."

Bayan kaka aka ɗaura, bisa sharaɗin a gina ɗakin amarya a kan tudu. Labaran ya kawo 'yan ɗaurin aure a babur, bai ce komai ba.

"Ango," Saude ta ce tana gyara mayafi, "da ka iya cewa ban sani ba tun farko, da yanzu ina da juna biyu."

Allah ya ba su zaman lafiya, ya kuma ba mu damina daidai ƙarfinmu.