Sunan da Aka Goge a Ƙasan Shafi

Ana gab da kiran magariba, Auta na zaune gaban kwamfuta tana haɗa littafin babanta. Tsohon malamin makaranta ne, ya shekara tara yana rubutu a kan itatuwa da amfaninsu. Babi goma sha ɗaya, kowanne da fayil ɗinsa. Aikinta shi ne ta ga lambobin bayanan ƙasan shafi sun bi juna daga wannan fayil zuwa wancan, kuma duk inda aka ce "duba babi kaza", mai karatu ya je ya samu.

Da safiyar ranar Baba ya sa ta goge bayanai arba'in da biyu. Dukansu magana ɗaya suke yi: "Daga littafin rubutun matata." Marigayiya mahaifiyar Auta ce ta bi tsofaffi gida-gida tana tambaya tana rubutawa, tun Auta na goye.

"Masana ba sa kafa hujja da matar gida," in ji Baba. "Goge."

Ta goge, ta daidaita lambobi. Amma yanzu da ta buɗe babi na uku, kowane "duba" yana nuna bayanin da babu shi. Ta gyara, ta shiga na huɗu, ta dawo ta tarar na uku ya sake wargajewa. Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Can sai wani. Baba ya leƙa tsakar gida. Babu kowa, ko ganye ba ya motsi.

Kwana shida ana haka, kullum in rana ta yi ja. A na bakwai Auta ta zame daga kujera, idanu a kafe, tana jero lambobi da muryar da ba tata ba.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ta kira malami mai ruƙya. Ya zauna yana karatu a hankali har gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Sannan ya ce, "Wane ne kai?"

"Mazaunin bishiyar bayan ɗaki," in ji muryar. "A gindina matar gidan take rubutu. Ba ta taɓa zama ba sai ta yi sallama."

"Me kake nema a jikin 'yarta?"

"A mayar da sunanta. Duk arba'in da biyun."

Malam ya dubi Baba. Baba ya gyara tabarau, ya ce, "Sun yi yawa. Biyar."

"Haba Yaya!" Gwaggo ta dafe ƙirji. "'Yarka ce fa a ƙasa!"

"Ai magana muke yi. To, uku."

Muryar ta yi wata busasshiyar dariya. "Malam, ni kake karanta wa, ga wanda ya fi ni buƙata a zaune?" Numfashin Auta na fita da ƙyar. "Yarinyar ta gaji. Ba zan kashe 'ya don uwa ba. Ya sa ko ɗaya ne, zan tafi."

"Ɗaya," in ji Baba da sauri.

Auta ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki.

Da Auta ta samu ƙarfi, Gwaggo ba ta ɓoye mata komai ba. Auta ba ta yi kuka ba. Ta haɗa kayanta da littattafan rubutun mahaifiyarta, ta koma gidan Gwaggo. Wani aka ɗauko ya ƙarasa aikin.

Littafin ya fito bayan wata huɗu. A ƙasan shafin ƙarshe, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta: "Da taimakon iyali."

Har yau in baƙi suka zo, Baba yakan ba su labarin yadda ya yi ciniki da aljani ya ci riba.