Lambun da Ke Cikin Tsohon Kaset

Ranar da Itsuki ya fara ganin Chiharu ruwa ake yi a Takamatsu, wani birni a bakin teku a ƙasar Japan. Ya shiga shagon tsofaffin gem da ke cikin doguwar kasuwar nan mai rufi, riƙe da leda cike da kaset-kaset da ya gama bugawa. Haka yake tun yana yaro: da zarar an fito da na biyu, sai ya sayar da na farko ya sayi na yayi.

Ita kuwa tana tsaye gaban kantar shagon, da wata na'urar gem ta hannu wadda fentinta ya koɗe, tana tambayar mai shago ko yana da cajarta.

"Wannan ai gidan tarihi ya kamata ki kai ta," in ji Itsuki.

Ta juyo ta dube shi, ta dubi ledarsa. "Kai kuma waɗannan, laifin me suka yi maka?"

"Na gama da su. An yi na biyunsu."

"To, da aka haifa maka ƙani, iyayenku sayar da kai suka yi?"

Mai shago ya yi dariya har da dafa kantarsa. Kunnuwan Itsuki suka yi ja. Ba a sami cajar a shagon ba, amma shi yana da irinta a gida, don an ƙi saye a wurinsa ne kawai ta tsira. Da haka ya sami lambar wayarta.

Da yamma ya tura mata saƙo: "Tsohuwa, na samo cajar. A ina zan kawo wa gidan tarihi kayansa?"

Ta amsa: "Sabon-yayi, kawo tashar jirgin ruwa gobe. Ka yi sauri kafin a fito da sabuwar caja ka sayar da wannan."

Sunayen nan biyu suka bi su. Kafin sanyi ya shigo, Tsohuwa ta koma Tsohuwata. Suna haɗuwa a bakin teku bayan ta tashi daga makarantar renon yara da take koyarwa, su zauna suna kallon jiragen da ke zuwa tsibirai, suna musunsu da ba ya ƙarewa.

"Ɗakina bai fi tabarma shida ba," Itsuki kan ce. "In na ajiye kowane gem, ni a ina zan kwanta? Kuma na biyu kullum ya fi na farko. Sun gyara kura-kuran, sun ƙara wurare."

"Ni ba kyansa nake ajiyewa ba."

"To me kike ajiyewa?"

Sai ta yi murmushi ta gyara masa wuyan riga, ta sako wani zancen. Ya san mahaifiyarta ta rasu tana sakandare, amma ya lura ba ta son a taɓo maganar, shi kuma bai matsa ba.

Mahaifinta, tsoho Ayabe, yana da shagon taliyar udon a bayan tashar jirgin ƙasa, su biyu suna zaune a saman shagon. Ranar da ta kai Itsuki gaisuwa, tsohon bai daina murza ƙullu ba.

"Me kake yi?" ya tambaya.

"Ina zane a wani ƙaramin kamfani da ke yin gem na waya."

"Aikin dindindin?"

"Kwantiragi ne, ana sabuntawa duk shekara."

Tsoho Ayabe ya yayyafa gari a kan katako. "Wato da wasan yara kake cin abinci, shi ma ba ka da tabbacin na baɗi." Ya sa aka kawo masa kwanon taliya, don ba a korar baƙo da yunwa, amma bai sake duban inda yake ba.

Daga ranar ya sa wa gem ido a gidan. Da ya tashi gyaran saman bene, ya nuna wani kwali da ke ƙarƙashin teburin Chiharu ya ce, "Kin girma. Ko ki fitar da tarkacen nan, ko ni in fitar." Ta san halinsa, don bayan rasuwar mahaifiyarta cikin mako guda ya rabar da tufafinta duka. Sai ta ɗauki kwalin ta kai ɗakin Itsuki.

"Ka ajiye mini," ta ce. "A wurinka ne kawai hankalina zai kwanta."

Ya sumbaci goshinta ya tura kwalin saman kabad.

A watan da za ta yi bikin ranar haihuwarta aka fito da Tsibirin Lemo na Biyu. Gem ne na noma da gina gida a wani tsibiri, kuma garin duka maganarsa ake yi. Itsuki ya tuna ya ga na farkon a kwalinta, takardar jikinsa har ta soma ɓarewa saboda yawan riƙo. Ya ce a ransa, in tana son tsohon haka, ina ga sabon? Shagon gem ɗin nan na kasuwa kuma na rage kuɗi ga duk wanda ya kawo na farko. Ya zaro kaset ɗin, ya kai, ya karɓo sabon, ya haɗa da sabuwar na'ura, aka naɗe masa da takarda mai furanni.

A wani shagon shayi ya miƙa mata. Ta buɗe ta yi dariya.

"Sabon-yayi, ba ka jin magana. Na gode. Zan ajiye shi kusa da yayansa."

"Ai yayan ya yi ritaya," ya ce cikin jin daɗi. "Shi na bayar aka rage mini. Kar ki damu, duk abin da ke cikin na farko yana cikin wannan, har da ƙari."

Chiharu ta ajiye kyautar a hankali.

"Yaushe ka kai?"

"Makon jiya. Lafiya?"

Ba ta ɗaga murya ba. Idonta na kan tebur ta gaya masa abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Lokacin da mahaifiyarta ke kwance a asibiti, ita ce ta kai mata na'urar don ta rage zaman kaɗaici. Matar da ba ta taɓa buga gem ba ta kama shi hannu bibbiyu. Ta gina gida a bakin rafi, ta shuka lambu, ta sa wa kyanwar cikin wasan sunan da take kiran Chiharu da shi tana ƙarama. Duk wannan a cikin kaset ɗin yake zaune. Tun rasuwarta, in kewa ta ishi Chiharu sai ta kunna, ta zaga lambun, ta kashe. Ko tukunyar fure ba ta taɓa matsarwa ba.

"Har yanzu a cikin wasan tana tsaye a bakin ƙofa, inda ta bar kanta," in ji ta.

Tare suka ruga kasuwa. Mai shago ya gane su, ya duba, sai ga kaset ɗin a kan kanta, ba a saya ba, da ɓararriyar takardarsa. Itsuki ya ji numfashinsa ya dawo. Amma mai shagon ya ƙi haɗa ido da su.

"Ku yi haƙuri," ya ce. "Duk wanda aka kawo, sai mun goge abin da ke ciki kafin mu jera shi."

Duk da haka Chiharu ta ciro tsohuwar na'urarta daga jaka, ta saka, ta kunna. Kiɗan da ta sani ya tashi. Sai rubutu ya fito: "Barka da zuwa tsibirinmu. Yaya sunanka?"

Ta zare kaset ɗin ta mayar kan kantar shagon.

"Bari in saya miki shi," Itsuki ya ce.

"Ka bar shi. Ba shi ba ne."

Ta fita, shi kuma bai iya bin ta ba.

Saƙonninsa suka yi ta zuwa. "Chiharu, ba ni da abin da zan ce ya isa. Da na tambaye ki kawai." Wani kuma: "Na je wurin masu gyara har Osaka. Sun ce abin da aka goge a irin wannan kaset ba ya dawowa. Na ga ya kamata ki ji daga bakina." Tana karantawa, ba ta amsawa. Wani lokacin haushinsa take ji, wani lokacin haushin kanta, don ita ce ta miƙa masa kwalin ba ta ce masa komai ba.

Tsoho Ayabe bai san abin da ya faru ba, ya dai ga yaron ya daina zuwa, ya ji daɗi. Ya gayyato Noboru, ɗan wani abokinsa, ma'aikacin banki mai natsuwa wanda ya daɗe yana son Chiharu. Ta yarda suka fita sau da yawa, don ba shi da abin ƙi. Wata rana a cikin jirgin ruwa ta ba shi labarin lambun. Ya saurara da kyau, sannan ya ce, "Wataƙila hakan ya fi miki. Ai gem ne kawai, yanzu sai ki fuskanci gaba."

Da kyakkyawar niyya ya faɗa, ta sani. Amma ta juya fuskarta ga teku har suka sauka.

A tasha Itsuki ya hango su, Noboru na riƙe mata da lema. Washegari saƙonsa ya shigo: "Na gan ku jiya. Ya fi ni dacewa da ke, ba zan ƙara damun ki ba. Abu ɗaya nake so ki sani: tun ranar nan ban sayar da komai ba, ban kuma iya kunna komai ba. Ki zauna lafiya, Tsohuwata."

Tana yanka albasa a shago ta karanta. Mahaifinta ya dube ta ya ce, "Wannan kukan ya wuce na albasa."

Sai ta gaya masa duka. Tsohon ya tsaya da wuƙa a hannu. Can ya cire ƙyallen da ke ɗaure a kansa, ya juya allon ƙofa zuwa gefen da aka rubuta an rufe, da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba.

"Kira mini yaron nan," ya ce.

Itsuki ya zo ya durƙusa, goshinsa har ƙasa. Tsoho Ayabe ya ce ya ɗago.

"Kullum na je asibiti sai matata ta ce mini, zo ka ga lambuna," in ji shi. "Ni kuma in ce ta bari sai anjima, raina na kan shago. Ban taɓa leƙawa ba, ko sau ɗaya. Na manta ma da shi. Kuma ni na kori kwalin daga gidan nan." Ya share fuska da ƙyallen. "Kai ka yar da shi ba ka sani ba. Ni an nuna mini na ƙi kallo. Ban ga da wane baki zan ce ba ka isa ba."

Ya tashi ya shiga ciki ya bar su.

Chiharu ce ta fara magana.

"Na kunna na biyun."

Itsuki ya sunkuyar da kai.

"Gaskiyarka, ya fi na farko kyau. Har rafin suna da shi, ruwan ma yana motsi. Na je daidai inda gidan mahaifiyata yake, ciyawa ce kawai." Ta ɗago ta dube shi. "Ba zan ce maka ya wuce ba, Itsuki, don ba zai wuce ba. Amma na gaji da rashinta, ba na son in haɗa da rashinka."

"Noboru fa?"

"Na ba shi haƙuri tun a tasha. Da ka tsaya kaɗan da ka ga ya tafi da lemarsa."

Ya yi dariya da hawaye a fuskarsa, ya kama hannunta.

"Ki riƙa gaya mini abubuwa, Chiharu."

"Kai kuma ka riƙa tambaya."

Da bazara, lokacin da itatuwa suka yi fure, aka ɗaura aurensu a wurin ibadar unguwa. Suka sha daga ƙananan kofuna kamar yadda aka saba, Chiharu cikin farar rigar gargajiya ta kimono ta haya, don ta mahaifiyarta tana cikin waɗanda aka rabar. An rufe shagon taliya aka yi walima a ciki, hoton marigayiyar a kan kantar shagon da turare a gabansa.

Da aka ce uban amarya ya yi jawabi, tsoho Ayabe ya miƙe da kofi a hannu, ya daɗe yana kallon hoton. Sai ya juya wurin 'yarsa.

"Me ta shuka a ciki?"

Chiharu ta fara lissafa masa: lemo a bayan gida, kabewa ta hau shinge, benci biyu a bakin rafi. Da ta zo kan furannin da ke gefen gada sai ta tsaya. Ta rufe ido, ta buɗe.

"Na manta launinsu, Baba."

Itsuki ya matse hannunta a ƙarƙashin tebur. Tsohon ya gyaɗa kai a hankali, ya ɗaga kofinsa.

"Benci biyu, ashe har da nawa," ya ce. "To. Ku dai in ɗayanku ya ce zo ka gani, a tashi a je. Na sa muku albarka, ni da ita. Ku zauna lafiya, ku tsufa tare."

Aka ɗaga kofuna. Amarya da ango suka miƙe suka rusuna masa, sannan suka juya suka rusuna wa hoton.