Sunan Addi

Da la'asar suka baro kasuwar Tabant su huɗu, buhunan gari da sukari a bayansu, don alfadari ba ya iya hawa tsaunin ƙauyensu idan dusar ƙanƙara ta zuba. Bassu ne da yayansa Addi, sai maƙwabtansu biyu, Haddu da Ishu mai tarin da ba ya ƙarewa.

Ƙanƙarar ta kai cinya, ta binne tulin duwatsun da ke nuna hanya. Bi da bi suke fasa ta: na gaba ya tattake, in ya gaji ya ja gefe ya koma baya, saura su riƙa sa ƙafa a sawunsa.

"Ishu, tarin nan naka ko kura ya isa ya kora," in ji Haddu.

"Kai dai ja ƙafa, sarkin surutu. Buhunka ya fi na kowa sauƙi."

Da rana ta faɗi, Addi ya ɗaga sandarsa, kowa ya kama bakinsa. Mutanen tsaunin ba sa kiran sunan juna bayan magariba, don wanda bai san sunanka ba ba zai iya kiranka ba. Suka ja hulunan da ke ɗinke a jikin jallabiyoyinsu suka rufe kai. Sai fito kawai, in da buƙata.

Bassu ya gama nasa ya koma baya. Haddu ma ya yi. Ishu ne ya kamata ya karɓa, kuma ga wani can ya shige gaba, Addi na bin sa.

Na gaban nan akwai sauri. Har Bassu ya ji daɗi, ya fara tunanin shayi.

Sai ya ji tari a bayansa.

Ya waiga. Ga Haddu. Ga Ishu.

Ya ƙirga: su biyar ne. Ya kasa kunne: kowa na haki, ban da na gaba. Ramukan sawun kuma wani ɗumi ne ke tasowa daga cikinsu, da warin jiƙaƙƙiyar toka.

Iskar da ya kamata ta bugi kuncinsa na dama, goshinsa take bugu. Kwazazzabo suka nufa.

Ya yi fito. Addi bai juyo ba.

"Yaya," ya ce. Iska ta kwashe.

"Yaya!"

Addi na ta bin sawu, kai a sunkuye. Gabansa kaɗan farin ƙanƙarar ya ƙare, sai bakin kwazazzabo.

Bassu ya san abin da zai jawo. Ya buɗe baki.

"Addi!"

Addi ya tsaya cak. Ƙanƙarar da ke gaban sandarsa ta tsage, ta rufta. Ba su ji saukarta ba.

Na gaban yana tsaye inda babu ƙasa. Ya juyo a hankali. Cikin hular babu komai sai duhu.

"Addi," ya ce, da muryar Bassu sak, kamar mai ɗanɗana gishirin miya.

Da rarrafe da addu'a suka komo kan sawunsu, har Haddu ya laluɓo tulin duwatsu.

Duk sun kai gida. Amma tun daga ranar, duk magaribar da ƙanƙara ta sauka, Addi yakan ji ƙanensa na kiransa daga bayan garken awaki, alhali ga Bassu zaune kusa da murhu. Da ya ga abin ba mai ƙarewa ba ne, sai ya daina amsa muryar gaba ɗaya, dare da rana.

Abin yana ci wa Bassu rai ƙwarai. Yanzu in yana son magana da yayansa, sai ya tako ya dafa kafaɗarsa tukuna.